Ba Ta Taɓa Danna Ja Ba

Lusaka, cikin Janairu

Zuwa ga Goggo Namweemba,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata kina lafiya, ke da jikoki, da gwiwar nan taki da ta hana ki zuwa bikina. Mu nan ƙalau muke, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa, ga wuta kuma ba a kawo ta sai an ga dama.

Na san abin da za ki fara cewa, wai sai da buƙata ta taso Milimo ya tuna yana da goggo. Amma kakarki da kakar Baba ciki ɗaya suka fito, kuma duk dangi ba mu da wata babbar nas sai ke, don haka ba ni da inda zan kai maganar nan.

Ƙanwata Choolwe ta gama makarantar jinya, kuma asibitinku aka tura ta. Ita ta roƙi a kai ta can saboda Baba. Kin san ciwon sukarinsa. To bara ya taka ƙaya a bakin tafki, wurin ya zama gyambo a tafin ƙafar hagu. Likita ya ce muddin wanda ya san aikin yana wankewa yana naɗewa duk mako, ƙafar za ta tsira. Idan aka bari ya haura, sai yanka. A gidan babu kowa sai yayarsa, ita kuma idonta ya yi rauni, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Motar da ke zuwa ƙauyenmu can cikin kwari kuwa kin san halinta, yau ta gangara, sai gobe ta hauro. Ke nan Choolwe na buƙatar hutun kwana biyu a jere kowane mako, in ba haka ba babu zuwa.

Magana ta biyu ta shafi aikina. Manhajar tsara aikin nas-nas da kamfaninmu ya yi, asibitinku na cikin waɗanda za a fara da su. Kowa zai sa a wayarsa ya faɗi ranakun da yake son hutu, ita kuma ta raba aikin safe da na yamma da na dare daidai wa daida, babu 'yar gida babu bare. Wadda uzuri ya taso mata sai ta aika wa abokiyar aikinta roƙon musaya kai tsaye. In ta yarda ta danna kore, in ba ta yarda ba ta danna ja, ba sai an je an yi layi a ƙofar shugaba ba. Na duba da kaina, an saka wa Choolwe kwana biyunta a jere.

Na gaya mata ta ɗauke ki uwa, ta ɗauki manyan wurin iyaye, kada in ji an ce ta ɗaga wa wani ido. Don Allah ki riƙa duba ta.

Ɗanki,
Milimo

Asibiti, ƙarshen Fabrairu

Ɗana Milimo,

Takardarka ta iso, na gode da aka tuna da ni. Gwiwa tana nan inda ka san ta. Jikoki lafiya, masara ta yi kyau bana. Da hannu nake rubuto maka in ba direban bas, domin wayata ta zama ta jikoki, duk abin da ya shigo sai sun riga ni karantawa.

Abin naku ya zo. Makon farko kun sha zagi, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu kuwa an saba. Wadda ta fi kowa cin moriya ita ce shugabarmu, Sista Mudenda. Da can duk ƙarshen wata sai ta rufe ƙofa da fensir da magogi, wannan ta shiga da kuka, waccan ta fito da gaba. Yanzu hawan jininta ya sauka, har kumatu ta fara yi. Kuma gaskiya ɗakin majinyata maza bai ƙara kwana da nas ɗaya tak ba tun da aka fara.

Ran nan muna shan shayi Bina Luyando ta ce mini, "Ke Namweemba, wai yanzu in makoki ya tashi ba sai na je na durƙusa wa Mudenda ba?" Na ce haka ɗana ya ce. Ta ce, "Wane ɗan? Mai dogon wuyan nan da ya taɓa faɗawa rijiyar coci? To a gaishe shi, ashe faɗuwar ta yi masa rana." Ita ce mafi tsufa a cikinmu, shekara mai zuwa za ta ajiye aiki, kowa kuma tsoron bakinta yake.

Choolwe na gan ta. Hancin ubanta ta ɗauko, amma halin na marigayiya uwarku ne. Ba ta miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, ba ta gaishe ni sai ta rusuna ta tafa. Ta gangara kwari ta dawo mini da busasshen kifin kapenta mai kyau, ta ce bakin gyambon ya fara tsukewa.

Kuma yarinyar akwai sauƙin kai. Surukar Bina Luyando ta rasu a Monze, dole ta je ta kwana gidan makoki har a binne. Ta aika wa Choolwe roƙo, kafin ta ajiye wayar kore ya fito. Ni ma da taron matan coci ya taso a Choma na gwada, haka ta yi mini. 'Yan matan yanzu ba haka suke ba, ka gode wa Allah.

Goggonka,
Namweemba

Lusaka, tsakiyar Maris

Goggo,

Ina gaisuwa, ina tambayar gwiwa. Matata na gaishe ki. Ki gaya wa Bina Luyando ba rijiya ba ce, ramin tanki ne, kuma turo ni aka yi.

Takardarki ta faranta mini rai, har na karanta wa mutanen ofis wani sashe. Cikin asibitocin da muka fara da su naku ne kan gaba. Fashin aiki ya ragu, ƙorafi ya ragu, kuma a ɗakinku ba a taɓa danna ja ba ko sau ɗaya. Na nuna wannan a wani taro, wani babba ya ce bai taɓa ganin haɗin kai irin na nas-nas ɗinku ba. Saboda haka aka ba ni aikin kai manhajar asibitocin Kitwe da Ndola, zan jima a can.

Na sami Baba a waya, ya ce ƙafa ta yi sauƙi, in daina damunsa da tambaya kamar likita. Choolwe ce dai ban gane mata ba. In na kira, daga "lafiya lau, Yaya" sai "ina kan aiki". Ki duba mini ko akwai mai takura mata a wurin.

Ɗanki,
Milimo

Asibiti, cikin Afrilu

Milimo,

Muna lafiya. An fara karyar masara, sanyi ya fara leƙowa da safe.

Na karanta layinka na ƙarshe har na haddace shi. Mai takura mata. A wurin da nake? Tun ba a yaye ka ba nake aikin nan, ban taɓa ɗora wa ƙarama abin da ya fi ƙarfinta ba. In wani ya kai maka magana ka faɗi sunansa. Kowa a nan son Choolwe yake. In an tuƙa nsima, tuwonmu na masara, a ɗakin hutu nata ake fara cirewa. Bina Luyando ta ba ta zane, wata abokiyar aikinmu, matar Hamusonde, ta kawo mata kaza. Ko jiya na ji ana cewa in kana da uzuri ka aika wa Choolwe, ita ba ta ba mutum kunya.

Tun da ka tambaya, ga abin da na gani. Ta rame, idonta ya faɗa, in ana hira hankalinta ba ya wurin. Na yi shekarun da na san ma'anar wannan. Ranar kasuwa na bi ta tasha, sai ga ta tsaye jikin motar kwari da direban, Munsanje, wanda ke da giɓi. Ta miƙa masa ƙunshi a leda, tana ta yi masa magana ƙasa-ƙasa tana nuni da hannu, shi kuma yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Mako ya zagayo na sake ganinsu a wurin, da wani ƙunshin.

Na tare ta a ɗakin magani na ce, "Ke, me ke tsakaninki da mai giɓin nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Saƙo ne kawai, Goggo." Na ce, "Mu ma da saƙo muka fara." Na ƙyale ta.

Yaron ba shi da laifi, yana zuwa coci ranar Asabar, ubansa na da shanu a Namwala. Amma direba direba ne. Kai ne babban wa, sai ka san yadda za ka yi.

Goggonka,
Namweemba

Ndola, farkon Yuni

Goggo,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini shirun, takardarki ta yi ta zama a ofishinmu na Lusaka, sai makon jiya wani ya taho mini da ita. Ban yi nufin ke ce mai takura mata ba, ban ma kawo ki a raina ba.

Jiya malamin makarantar ƙauyenmu ya kira ni. Ya ce ya shiga gaida Baba, wari ya tare shi tun daga ƙofar ɗaki. Ƙafar ta kumbura har ƙauri, yatsun sun yi baƙi. Ya ce rabon da a ga Choolwe a gidan tun kafin a fara cin ɗanyar masara. Yayar Baba ce ke laluben wurin tana naɗewa. Shi kuma Baba in na kira, "da sauƙi".

Na buɗe manhajar na duba ranakunta. Kwana biyun da na saka mata suna nan kowane mako, ba wanda ya cire. Ita ce da hannunta take ba da ɗaya ta karɓi wata ranar daban, yau nan gobe can, yadda ba za ta iya gangarawa ta dawo ba. Duka kore, Goggo. Ba wanda ya danna mata.

Na haɗa wannan da abin da kika rubuto. Ashe hutu warwatse take so, don ta riƙa samun ranar kasuwa a gari da direbanta. Na kira ta na gaya mata haka, na gaya mata abin da ya fi haka. Da na gama ta ce, "To, Yaya." Raina a ɓace yake, ban taɓa jin haushin ɗan'uwa kamar yau ba.

Na roƙi malamin ya sa Baba a mota ko da ɗaure shi za a yi. Ki tare shi.

Milimo

Asibiti, tsakiyar Yuni

Milimo,

Mu da ke tsaye muna lafiya. Ubanka na gado na uku daga ƙofa, yana cin abinci, zazzaɓin ya sauka. An yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Likita ya ce da an ƙara kwanaki ba ƙafa za a yi magana a kai ba.

Munsanje ne ya kawo shi, ya goyo shi a baya daga mota har ɗakin karɓar marasa lafiya. Na tsare shi a waje na ce, "Kai mai giɓi, ka raba yarinya da ubanta, ka ji daɗi?" Ya ce, "Mama, wace yarinya? Ni ina da mata da 'ya'ya a Sinazongwe." Abin da ke cikin ƙunshin bandeji ne da auduga da ruwan wanke ciwo. Maganar da take masa ƙasa-ƙasa kuwa koya masa take yadda zai gaya wa tsohuwa ta wanke, daga tsakiya zuwa baki, kada ta maimaita auduga. Ya ce yana faɗa mata yadda ya iya, amma tsohuwar ba ta ganin inda tsakiyar take.

Na kira Choolwe ɗakin ajiye kayan gado na rufe ƙofa. Na ce, "Me ya sa kike ba da ranakunki?"

Ta ce, "An tambaye ni."

Na ce, "Ba ki ga jan ba? Makauniya ce ke?"

Ta ce, "Goggo, sunan mutum ne ke fitowa a kai, da hotonsa. Bina Luyando ta girmi mamata. In danna mata ja, gobe in shigo in rusuna in gaishe ta da wane baki?"

Na ce, "Da kin zo kin gaya mini."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Naki roƙon ma yana zuwa."

Yana zuwa. Na tambaya ne, ban tilasta ba, haka sauran ma. Kowacce cikinmu uzurinta kawai ta sani, makoki, taron coci, kai jika makaranta, kuma kowacce ta ɗauka ita kaɗai ce ta roƙa a makon.

Bari in gaya maka yadda ake yi da, tun da ba ka tambaya ba kafin ka gina abinka. Ba a taɓa barin babba ta tambayi ƙarama baki da baki ba. Wurin Mudenda ake zuwa. In ta ga yarinya ta sha musaya da yawa sai ta ce, "Ba zai yiwu ba, ku tashi ku ba ni wuri." Babbar ta fito tana zagin Mudenda, ƙaramar ta ce, "Wayyo Mama, ni da na so, shugaba ce ta hana." Kowa ya tafi da mutuncinsa. Wannan zagin da hawan jinin suna cikin aikin shugaba. Mu ma ba mu san aiki ba ne, mun ɗauka mugun hali ne kawai.

Maganar da ka gaya wa yarinyar a waya kuma kai ka san ta. Ba ta faɗa mini ba. Ta dai daina ɗaukar wayar in ta ga sunanka.

Namweemba

Ndola, ƙarshen Yuni

Goggo,

Ina gaisuwa. Ki gaishe mini da Baba, ki gaishe da Choolwe in za ta amsa. Na rubuta mata daban.

Na karanta takardarki a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa. Abin da na nuna wa manya a taro ina taƙama, ƙafar ubana ce.

Na kai maganar ofis. Na ce a gyara, in an yi wa mutum musaya har ta kai wani adadi a wata, manhajar ta ƙi da kanta, ta rubuta cewa ita ce ta hana. Kuma kwanakin da aka saka a jere saboda jinya kada su taɓu sai da hannun shugaba. Sun yarda, amma sun ce sai gyaran da za a fitar bayan damina ta kama, wajen Nuwamba, domin akwai layi a gabana. Kafin nan ki roƙi Sista Mudenda ta riƙa sa ido.

Yaushe za a sallame shi? Aiki ya riƙe ni a nan, amma tun da Choolwe na da hutu a jere sai ta raka shi ta zaunar da shi, ta nuna wa yayarsa yadda ake kula da wurin.

Ɗanki,
Milimo

Asibiti, cikin Yuli

Ɗana Milimo,

Lafiya muke. Sanyi ya yi tsanani bana, gwiwa ta ji shi. Wurin ɗinkin ubanka ya kama sarai, yana koyon tafiya da sanduna, yana zagin duk wanda ya yi ƙoƙarin riƙe shi.

Na yi wa Mudenda magana. Ta ce ita ba ta ganin musaya sai an gama, ta kuma ce a yi haƙuri har gyaranku ya zo. Na yi wa sauran magana a wurin shayi, aka yi ta jimami, aka ce Allah ya kyauta. Bina Luyando ba ta nan ranar.

Na karanta wa ubanka takardarka, domin ya ji an ce ka rubuto ya ce sai ya ji. Da na zo wurin gyaran ya ce in tsaya. Ya ce, "Wato ƙarfe ne zai riƙa ce wa manya a'a da sunan 'yata?" Na ce ba da sunanta ba, da sunan kansa. Ya ce, "Duk ɗaya. Ki gaya wa Milimo ni na koya mata, kuma shi ma ya koya mata. Ƙafa tawa ce, na ba da. Da labari ya gangaro kwari cewa 'yata, 'yar Siamalambo, ta wulaƙanta sa'ar uwarta, da wace ƙafar zan shiga coci?" Na ce, "Yanzu ma ai da ɗaya za ka shiga." Ya ce ɗaya ta ishe shi.

Likita ya sa sallama ranar Talata mai zuwa, ranar da hutun Choolwe ke farawa. Ta riga ta haɗa kayan, ta yi wa Munsanje maganar kujerar gaba.

Shekaranjiya da rana ina canza wa na gado na biyu ruwa, tana zaune tana ba ubanka lemo, wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ta ciro ta duba, ta daɗe tana dubawa. Na ga yatsanta ya tsaya a sama bai sauka ba. Ubanka ya ce, "Wane ne?" Ta ce, "Bina Luyando ce. Ƙanin mijinta ya rasu a Kalomo, tana son Larabata." Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni. Ya ce, "Mutuwa aka yi, kina zaune kina kallon waya? Me kike jira?"

Ta danna kore, ta mai da wayar aljihu, ta ci gaba da ɓare lemon.

Na je na nemi in karɓi Larabar ni da kaina. Manhajar ta ce na cika awoyina na mako, ba a yarda a gajiyar da ma'aikaci ba.

Don haka babu mai raka shi. Ka gaya wa mutanen Ndola su jira, ka taho ranar Litinin ka kai ubanka gida. Ka zo da bargo, kujerar gaba babu gilashi ta ɓangarensa.

Goggonka,
Namweemba